Zanen Aro Ba Ya Rufe Katara: Mu da Hoto a Gwada

 Kwana biyu an ji ni shiru, ba wani abu ba ne, hidimar biki ce ta sha kaina. Mun aurar da 'yar yayana marigayi, wadda a hannuna ta tashi. An ɗaura aure lafiya, an kai amarya lafiya, alhamdu lillahi. Sai dai akwai abin da na gani a wannan biki wanda ya tsaya mini a rai, na ga idan ban faɗa ba ban yi wa kaina adalci ba, ban kuma yi wa 'ya'yanmu adalci ba.

Ana saura sati uku biki aka kawo kalandar da za a raba wa jama'a, daga wani shagon hoto a Minna. Na ɗauki guda na kai wa mahaifiyarmu, Inna, tana zaune kan tabarma tana ɓare gyaɗa. Ta karɓa, ta kai kusa da ido, ta ja baya da ita, ta sake kawowa. Can ta ce, "Angon dai na gane shi. Ita wannan farar 'yar gidan wa ce?" Na ce, "Inna, jikarki ce fa." Ta yi shiru, sannan ta miƙo mini kalandar ta ce, "To Allah Ya ba su zaman lafiya, amma wannan ba ita na goya ba." Mata suka kwashe da dariya a tsakar gida, ni ma na yi. Da dare ya yi na sake duba hoton ni kaɗai, sai dariyar ta ƙare. Yarinyar nan baƙa ce kyakkyawa, doguwa, siririya, irin jikin ubanta. A hoton an mayar da ita fara sol, an cika mata kumatu, an matse ciki, an buɗe ƙugu, har 'yar wushiryar da muke tsokanarta da ita tun tana ƙarama an toshe.

Da abin ya tsaya a takarda da da sauƙi. Bayan kwana biyar sai ga yarinya ta kwanta, fuska ta kumbura suntum, ga ƙishirwa ba ƙaƙƙautawa, ga jiri. Muka ɗauke ta sai asibiti a Minna. Da likita ya matsa da tambaya, sai ta fito da wasu ƙwayoyi daga jaka. Wata biyu ke nan tana sha safe da dare, wata ƙawarta ce ta sayo mata a wani kemis. Na ce, "Me ya kai ki?" Ta sunkuyar da kai ta ce, "Baffa, su Goggo ne suka ce amarya ba ta shiga ɗaki da ƙashin wuya a waje, za a ce ba a ciyar da ni a gidanka. Kuma hoton da ke wayarsa ya fi ni jiki." Wannan magana ta biyu ita ce ta kashe mini jiki. Wato an gyara hoto ya fi mai shi, yanzu kuma mai shi na shan magani don ta kamo hoton.

Mai karatu, kafin mu ɗora wa kowa laifi, bari mu faɗa wa kanmu gaskiya. Son ƙiba ba yau muka fara shi ba, kuma mu da muke zaune nesa da gida mun fi kowa. Mahaifinmu ya baro Bichi ne ya zo nan sayen doya, ba da jimawa ba bayan an ƙirƙiro jihar Neja a 1976 aka mayar da Minna babban birninta. Akwai hotonsa guda da har yanzu yake cikin adakar Inna. Yana zaune kan kujera, da babbar riga, da agogo a hannu, da rediyo a gefe, ya cika kujerar fam. Shi da bakinsa ya ba mu labari cewa rigar ta maigidansa ce, agogo da rediyo na mai hoto ne, kuma taguwa biyu ya saka a ciki don jiki ya fito. Wani direban babbar mota ya ba ya kai gida. Me ya sa? Don a Bichi a ce zama ya karɓe shi. A wurin mutumin da ya bar gida, jiki shi ne wasiƙa. In ka koma da kumatu an san ka samu, in ka koma a rame ko da kuɗi a aljihunka sai an ce wahala kake sha a ƙasar mutane. Haka mace, in ta yi wata shida a ɗaki ba ta murje ba, mijin ne zai sha tambaya.

Ba mu kaɗai ba ne. A Kalaba, Efik suna da tsohuwar al'adar killace budurwa a ɗaki a yi ta ciyar da ita kafin aure. A Muritaniya ma an san ɗura wa 'yan mata abinci don su yi jiki. Aron kaya a gaban kyamara shi ma tsohon abu ne a Afirka ta Yamma. Seydou Keïta, mai hoton nan na Bamako da ya buɗe shagonsa a 1948, yana ajiye rediyo, da agogo, da keke, da babur, duk wanda ya zo ya zaɓi abin da yake so a gan shi da shi. Yau hotunan nan nasa suna rataye a manyan gidajen adana kayan fasaha na Turai da Amurka. Amma duba su da kyau: mai jiki tana nan da jikinta, siririya tana nan da nata, baƙa tana nan baƙa, mai tsage yana nan da tsagensa. Kaya aka ara, ba mutum ba.

To a nan ne bambancin yake, kuma shi ne duk abin da nake son faɗa. Mahaifinmu da aka gama ɗaukar hoto ya tuɓe riga ya mayar wa mai ita, ya koma kasuwa da jikinsa lafiya lau. 'Ya'yanmu kuwa jikin ne suke ara, shi kuma ba a tuɓe shi. Ƙwayoyin nan da ake kira "sha ka fashe", likitan ya yi mana bayani, galibi iri biyu ake haɗawa. Ɗaya maganin ƙaiƙayi da atishawa ne, sunansa cyproheptadine, yana buɗe ciki ya sa barci. Ɗayan kuma dexamethasone, magani ne mai ƙarfi da ake ba masu asma da kumburi a bisa ƙa'ida. In aka daɗe ana shan sa yana tara ruwa da kitse a fuska da ciki, yana ta da suga, yana kawo hawan jini, yana raunana ƙashi, yana rage wa jiki ƙarfin yaƙi da cuta. Abin da muke gani mu ce "ta yi kyau, ta murje", kumburi ne. Wani abin tsoron kuma, wanda ya daɗe a kansa ba a yanke masa lokaci guda, sai likita ya riƙa ragewa a hankali, in ba haka ba ana iya rasa rai. Don haka duk wadda ta san tana sha, kada ta ji wannan magana ta watsar yau, ta je asibiti tukuna.

Haka zancen man bilicin yake. Wani rahoto na Hukumar Lafiya ta Duniya a 2011 ya ce kashi 77 cikin 100 na matan Nijeriya suna amfani da kayan hasken fata. A 2023 hukumar NAFDAC ta ayyana abin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasa baki ɗaya, saboda wasu mayukan na ɗauke da sinadarai irin su makuri, wanda ke lalata ƙoda. Ba sai an kawo mana rahoto ba, mu da muke zuwa suna da biki mun san fuska fara da gaɓoɓin yatsu baƙi.

Wani zai ce ai Turawa sun fi mu hankali a nan, su siranta suke so. Ba haka ba ne, ciwon ɗaya ne, ya juya baya ne kawai. A 2001 da Agbani Darego, 'yar jihar Ribas, ta ci gasar sarauniyar kyau ta duniya, tsofaffi da yawa a ƙasar nan cewa suka yi yarinyar ai ba ta ƙoshi ba, 'yan mata a birane kuwa suka ga ga ma'auni ya zo. Can inda ma'aunin ya fito, 'yan mata masu tallan tufafi yunwa suke kwana da ita don su shiga riga. A 2006 biyu daga cikinsu suka mutu, Luisel Ramos 'yar Yurugwai da Ana Carolina Reston 'yar Brazil, duk a dalilin ƙin cin abinci. A shekarar ne masu shirya bikin nuna tufafi na Madrid suka hana waɗanda suka cika rama hawa dandamali. Daga watan Oktoba na 2017 kuma Faransa ta wajabta cewa duk hoton talla da aka rage ko aka ƙara wa jikin mai tallan da kwamfuta, sai an rubuta a jiki cewa an taɓa shi. Norwe ma ta bi sahu a 2022. Su da suka ƙera na'urar sun ga illarta har sun sa mata linzami, mu kuwa yanzu muke ɗaukar ta da hannu bibbiyu.

Abin tausayi, 'yarmu ta yau ma'auni biyu ake ɗora ta a kai lokaci guda. Goggo a gida tana cewa ki yi jiki. Masu tallan atamfa da abaya a Instagram da TikTok suna nuna mata shafaffen ciki da faɗin ƙugu da farar fata, siffar da ko su masu tallan ba haka suke a fili ba. Yarinya 'yar shekara 19 ina za ta sa kanta?

Bayan biki na koma wurin mai hoton, ba da faɗa ba. Yaro ne mai ladabi. Ya ce, "Alhaji, wallahi in na ba mutum hotonsa yadda yake, ba ya dawowa. Sai ya ce ban iya aiki ba, ya tafi shago na gaba. Har maza ma cewa suke a rage musu tumbi a cike musu sanƙo." Na rasa abin da zan ce masa, don gaskiya ya faɗa. Shi ɗan kasuwa ne, abin da aka nema yake sayarwa, kamar yadda nake zaɓo wa 'yan Kano manyan doya don su suke so. Laifin namu ne. Mu maza mu ne muke karɓar hoto a waya mu ce "ba ta da jiki", alhali mu kanmu in aka tsayar da mu a rana ba za a saye mu da tsada ba. Iyaye mata su ne suke duba amarya kamar ana taya tunkiya ana gobe Sallah. Ni kaina ina cikin masu laifi, sau nawa na ce wa yarinyar nan cikin wasa, "Ke kam iska za ta ɗauke ki"? Ni ina wasa, ita tana ajiyewa a zuci.

In muna neman abin koyi, ba sai mun je nesa ba. Ciro naira 20 daga aljihunka ka juya bayanta. Matar da ke zaune tana gina tukunya ita ce Ladi Kwali, 'yar ƙabilar Gbagyi, masu masaukinmu da muka saba kira Gwarawa. A 1954 ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane da Michael Cardew ya kafa a garin da yanzu ake kira Suleja, ta zagaya Turai da Amurka tana nuna aikinta, ta rasu a nan Minna a 1984. Babu wanda ya tambayi faɗin ƙugunta ko hasken fatarta kafin a sa ta a kuɗin ƙasa, aikin hannunta aka duba. Ko ranar kasuwar Gwada ka tsaya ka kalli matan Gbagyi suna shigowa da doya a kafaɗa, wata gajera, wata doguwa, wata kakkaura, wata siririya, kowacce jikinta na yi mata aiki. Shekara nawa muna zaune da mutanen nan, mun koyi cin sakwara a wurinsu, ba mu koyi wannan ba.

Ni ban ce kada amarya ta yi gyara ba. A yi lalle, a yi dilka, a yi kitso, a ba ta fura da nono da kunun gyaɗa ta huta, duk wannan namu ne kuma ba ya cutarwa. Ban ce kada mai hoto ya gyara haske ko ya share ƙurjin da ya fito ranar biki ba. Roƙona uku ne kawai. Masu kemis su ji tsoron Allah su daina miƙa wa yara waɗannan ƙwayoyi ba takardar likita. Iyaye mu kama bakinmu a kan jikin 'ya'yanmu, mai jiki da marar jiki. Sannan in za mu aika hoto, ko neman aure ne ko gaisuwa ce zuwa gida, mu aika namu na gaskiya, don ran da aka haɗu ido da ido zanen aro ba ya rufe katara.

Akwai kuma abin da ba mu cika tunawa ba. Hoto ba don yau ake ɗaukarsa ba, don ran da babu mu ne. Yayana ya rasu 'yarsa na da shekara huɗu, da hoto guda ta san fuskarsa, a nan ta ga inda ta gado tsawo da wushirya. Da a ce shi ma an tace shi an goge, da me za ta riƙe? Kafin a kai ta ɗakinta na sa aka sake ɗaukarta ita da Inna a ƙofar gida, ba fari ba ƙari, kumburin ma bai gama saɓewa ba. Shi Inna ta sa aka yi wa firam. Kalandar kuwa tana nan a bayan ƙofa, ana duba kwanan wata.

Yarinya tana samun sauƙi, likita na rage mata maganin a hankali, ina roƙon ku sa ta a addu'a. Allah Ya shirya mana zuriya, Ya ba mu wadatar zuci da halittar da Ya yi mana.