Tafiyar iyali a kan ruwa: Daga Bagwai zuwa Jidda

Ranar 30 ga watan Nuwamba na shekarar 2021, da yamma, wani kwale-kwale da ya taso daga ƙauyen Badau zuwa garin Bagwai a arewacin jihar Kano ya kife a dam ɗin Watari. Aƙalla mutane 29 ne suka rasu, akasarinsu ɗaliban makarantar Islamiyya da ke kan hanyarsu ta zuwa bikin Mauludi. Hukumomi sun ɗora laifin a kan lodin da ya wuce kima.

Ba wannan ne karo na farko ba. A shekarar 2008, a wannan ruwa dai, jirgin 'yan rakiyar amarya ya nutse da mutane da dama.

An gina dam ɗin ne a ƙarshen shekarun 1970 domin noman rani, kuma ya amfani manoman yankin. Sai dai ya shiga tsakanin wasu ƙauyuka da kasuwarsu da danginsu. Hanyar mota zagaye ce, shi ya sa jama'a suka rungumi jirgi.

Abin da ya haɗa haɗurran biyu shi ne tafiyar gayya ce. Haka abin yake a Patigi ta jihar Kwara a watan Yunin 2023, inda fiye da mutane 100 suka halaka cikin dare a hanyarsu ta komawa daga ɗaurin aure. Ranar biki kowa so yake a tafi da shi a sahun farko, kuma kunya ba ta barin uwar amarya ta ce wa ƙawarta ta sauka. Shi kuwa mai jirgi, kowane kai kuɗi ne.

A wani ɓangaren na duniya, tafiyar iyali a kan ruwa shaƙatawa ce. Tun watan Disamban 2024 jirgin AROYA na ƙasar Saudiyya ya fara ɗaukar fasinjoji daga Jidda zuwa yawon buɗe ido a Bahar Maliya. Yana cin mutane sama da 3,000, ba a sayar da giya a cikinsa, babu gidan caca, akwai kuma wuraren salla. Tsakaninsa da kwale-kwalen Badau tamkar sama da ƙasa ne, amma abin da ya fi kare fasinjansa ba ya cikin kayan ƙawar.

Ba wanda ke shiga irin wannan jirgi sai an rubuta sunansa. Ana kuma tara fasinjoji a nuna musu yadda ake ɗaura rigar kariya da inda kowane iyali zai taru idan aka busa ƙaho. A jirage da yawa akan ɗaura wa ƙananan yara alama a wuyan hannu mai nuna matattararsu, saboda ko yaro ya rabu da iyayensa ma'aikaci ya san inda zai kai shi.

Su ma sai da suka ji jiki kafin su tsaurara. Lokacin da jirgin Costa Concordia ya daki dutse a gaɓar tsibirin Giglio na Italiya a watan Janairun 2012, mutane 32 suka mutu, kuma ɗaruruwan fasinjojin da suka shiga a ranar ba a riga an yi musu wannan atisaye ba, domin doka ta ba da sa'o'i 24. Daga shekarar 2015 aka wajabta yin sa kafin tashi, ko da zarar an tashi.

Nijeriya ba ta rasa dokoki ba. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta cikin gida, NIWA, ta haramta tafiyar dare, ta kuma wajabta sanya rigar kariya. Bayan haɗarin Bagwai, gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta dakatar da sufurin jirage a wurin. To amma mashigan ƙauye sun fi jami'ai yawa, kuma haramci ba ya rage nisan hanya. A aikace, wanda ya shirya tafiyar, malamin makaranta ne ko maigida ko uwar biki, shi ne jami'in da ke bakin ruwa.

Aikinsa na farko ƙidaya ce. Ya tambayi mai jirgi mutum nawa yake ɗauka, ya ƙirga da kansa, ya lissafa buhunan hatsi da babura a cikin nauyin. Idan yaran gida ɗaya shida ne, a raba su sahu biyu ko uku, kowane sahu da babban da ya san su. Kuɗin sahu na biyu ya kamata ya shiga lissafin biki tun farko, kamar kuɗin goro.

A rubuta sunayen waɗanda suka shiga, a bar takardar a hannun wani a kan tudu. Kusan duk bayan haɗari alƙaluma kan saɓa wa juna, masu ninƙaya kuma su yi ta nema ba su san mutum nawa suka rage ba, don ba wanda ya rubuta.

Lokaci ma yana da muhimmanci. Biki kan ja har la'asar sakaliya, kuma a lokacin hunturu hazo na rage gani tun kafin magariba. Kwana a gidan dangi ya fi tsallake ruwa cikin duhu.

Batun rigar kariya ya fi wuya, domin ko inda aka raba ta, yawanci ta manya ce. Yaro ɗan shekara takwas kan zame daga cikinta da zarar ya faɗa ruwa, mai goyo kuwa ba ta da yadda za ta ɗaura ta a kan jaririnta. Su ne kuma suka fi yawa a jirgin biki da na Mauludi.