Yawan Kwamfutoci Ba Shi Ne Saurin Aiki Ba

Duk lokacin da banki ko ma'aikatar gwamnati suka koka cewa bayanai sun yi musu yawa, shawarar da ake fara kawowa ita ce a ƙaro kwamfutoci. A ganina wannan zubar da kuɗi ne, muddin ba a zauna an auna aikin tukuna ba.

Dabarar raba aiki guda ga ɗaruruwan na'urori ta yi suna ne a 2004, sa'ad da Jeffrey Dean da Sanjay Ghemawat na kamfanin Google suka bayyana tsarin MapReduce, Hadoop kuma ya biyo baya a 2006. Abin kamar gayya yake: a raba gona kunya-kunya, kowa ya nome tasa. To amma tun 1967 Gene Amdahl ya nuna iyakar wannan gayya. Idan kashi 5 cikin 100 na aiki ba ya rabuwa, kwamfuta 100 za su ninka sauri kusan sau 17, guda 1,000 kuwa ba za su kai sau 20 ba. Ke nan an biya kuɗin na'ura 900 domin ƙarin da bai taka kara ya karya ba.

Wannan lissafi ma ya ɗauka an yi rabon daidai, alhali ba kasafai ake samun haka ba. A ce banki ya raba bayanan hada-hadar kuɗi jiha-jiha: na'urar da Legas ta faɗa wa za ta yi ta fama, sauran suna zaune ana biya musu wuta, kuma ba a tashi gayya sai na ƙarshe ya gama. Dean da Ghemawat sun magance masu nawa ta hanyar ba wata na'ura aikin da ya makale, suka kuma nuna cewa ba tare da haka ba wani gwajinsu ya ƙara tsawo da kashi 44 cikin 100. Ga kuma jigilar bayanai tsakanin na'urori, wadda sau da yawa ta fi lissafin kansa cin lokaci.

A 2015 Frank McSherry da abokan aikinsa sun nuna kwamfutar cinya guda, da aka tsara wa aiki da kyau, ta riga wasu manyan tsare-tsare gama wasu ayyuka. Masu sayar da na'urori ba su cika ambaton wannan ba.

A Nijeriya kuskuren ya fi tsada. Na'urorin daga waje ake shigo da su, hayar rumbunan bayanai na ƙetare da dala ake biya, darajar naira kuma ta faɗi ƙwarai bayan sauya tsarin canji a watan Yunin 2023. Ga man janareta da na'urorin sanyaya ɗaki. Kamata ya yi kafin a sa hannu a kwangila, a gwada aikin da ɗan yanki na bayanan, a gano kason da ba ya rabuwa da inda nauyi ya taru, sannan mai kwangila ya rubuta nawa za a kashe a kan kowace sa'a da ya ce zai rage.