Ba Ɓata WITCH Ta Yi Ba

Duk lokacin da jaridun Turai suka ba da labarin WITCH, ƙungiyar kiɗan rok ta ƙasar Zambiya, kalma ɗaya suke maimaitawa: wai an gano ta. Mu ma sai mu kwaso, mu yi ta tura wa juna a waya muna murna. To a ina ta ɓata da har za a gano ta? Jagoranta Emanuel Chanda, wanda ake kira Jagari saboda yana tsalle a dandali kamar Mick Jagger, bai ƙaura duniyar wata ba. Yana nan a ƙasarsa. Ya yi aikin koyarwa, daga baya ya koma haƙar duwatsu masu daraja don ya ciyar da iyali. Watsar da shi aka yi, kuma mu mutanen nahiyar nan mun ƙware a wannan.

A farkon shekarun 1970 samarin suka haɗu a yankin da ake haƙar tagulla. Suka ɗauki jita mai lantarki, suka gauraya ƙararta da kiɗan gida, har salon ya sami suna Zamrock. A 1975 suka fitar da faifan Lazy Bones!!, a zamanin da gwamnatin Kenneth Kaunda ta umarci gidan rediyo ya riƙa sa kusan zallar waƙoƙin 'yan ƙasa. Sai farashin tagulla ya faɗi, kuɗi ya ƙafe, dokar hana fitar dare ta kashe wuraren wasa. Kanjamau ta zo ta yi wa makaɗan ƙasar ɗauki ɗai-ɗai. Cikin waɗanda suka fara tafiyar, Jagari kaɗai ya rage.

Wa ya waiwaye su? Kamfanin Now-Again na Amurka ne ya tattara fayafayansu ya sake bugawa a 2012. Wani ɗan Italiya, Gio Arlotta, ya bi Jagari da kyamara, fim ɗin ya fito a 2019. Makaɗin Holan Jacco Gardner ya rataya jita ya tsaya bayansa a rangadin Turai na 2017. Akwai masu cewa waɗannan baƙi sun zo cin arziƙin Afirka ne. Wannan zance yana da daɗin faɗa, don yana wanke mu. Shekara talatin fayafayan nan na cin ƙura, babu wanda ya riƙe mana hannu. Ko kiɗan rok na Legas na wancan zamani, irin na su BLO da Ofege, da yawanmu sai da kamfanin Soundway na Ingila ya fitar da tarinsa a 2008 muka san an taɓa yin sa.

Mu da ke rubuta manhajar kwamfuta muna da wata ƙa'ida: duk bayanin da kwafinsa ɗaya ne, ka ɗauka ya riga ya salwanta, rana kawai yake jira. Muna kashe dare muna adana bayanan kamfanonin da ba su san sunanmu ba a wuri uku. Amma kaset ɗin da ke cikin akwatin mahaifinmu, wanda zafi ke narkarwa, ba mu taɓa ba shi awa ɗaya ba. Waƙa kuwa ta Bluetooth muke karɓa, babu sunan mawaƙi, babu shekara, balle sisin kwabo ya kai ga mai ita. Sannan mu ɗaga murya muna cewa an sace mana tarihi.

Wasu kuma za su ce ai rok kiɗan Turawa ne, me ya dame mu. Su saurari Zango, faifan da WITCH ta fitar a 2023, na farko bayan shekara 39. A ɗakin ɗaukar sauti na DB da ke Lusaka aka yi shi, inda aka ɗauki Lazy Bones!! tun farko, da Patrick Mwondela a kan fiyano da muryar Sampa the Great, 'yar Zambiya da aka haifa bayan ƙungiyar ta watse. Jagari ya haura saba'in a lokacin. A 2025 suka ƙara wani faifan, Sogolo.