Kafin A Lissafa Wutar Da Gini Zai Ci, A Fara Sanin Mazauna Cikinsa

Injiniyoyi da masu zanen gine-gine suna da manhajojin kwamfuta, irin su EnergyPlus ta Ma'aikatar Makamashi ta Amurka, da ke ƙiyasta wutar lantarkin da gini zai ci tun kafin a aza harsashinsa. Ana shigar da kaurin bango, girman tagogi, nau'in rufi da yanayin garin, sai manhajar ta fitar da lissafi. Sai dai sau da yawa idan mutane suka tare, abin da mita ke nunawa yakan sha bamban da lissafin.

Babban dalili shi ne ɗabi'ar mazauna ginin: yaushe suke gida, yaushe suke buɗe taga, yaushe suke kunna na'urar sanyaya ɗaki. Wannan ya sa a 2013 aka ƙaddamar da shirin bincike na Annex 66 a ƙarƙashin Hukumar Makamashi ta Duniya, domin shigar da halayyar mutane cikin irin wannan lissafi.

A Arewacin Najeriya giɓin ya fi faɗi, domin jadawalin da aka saba amfani da shi a manhajojin yana ɗauka cewa akwai wuta dare da rana. A Kano kuwa, da zarar an kawo wuta ake kunna firji, dutsen guga da injin jan ruwa a lokaci guda. A bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40, iyalai da dama tsakar gida suke kwana. Da hunturu ana rufe tagogi saboda ƙura, ana dafa ruwan wanka. Da azumi girki yana komawa yamma da asuba. Ga matan da ke sana'ar ƙanƙara da zoɓo a cikin gida.

Idan lissafi ya tsallake waɗannan, mai gida ne ke biya. Ko dai a sa shi sayen sola da batura fiye da buƙatarsa, ko a haɗa masa waɗanda za su gaza a tsakiyar dare. Tun da hukumar NERC ta ƙara kuɗin wutar rukunin Band A zuwa Naira 225 kan kowane yunit a Afrilun 2024, irin wannan kuskure ya ƙara tsada.

Najeriya ta ƙaddamar da ƙa'idojin tattalin makamashi a gine-gine a 2017, amma ƙa'ida ba za ta yi tasiri ba sai an ɗora ta a kan bayanan gida. Ya kamata sassan koyar da zanen gine-gine na jami'o'in Ahmadu Bello da Bayero su haɗa kai da kamfanonin rarraba wuta irin su KEDCO, su tattara yadda gidaje ke amfani da wuta a kowane lokaci na shekara.

Shi ma mai shirin gini, kada ya karɓi lissafin injiniyan da bai tambaye shi yawan iyalinsa, sana'arsu da inda suke kwana a bazara ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.