A Kai Su Asibiti Tun Tabon Yana Ƙarami



A unguwarku akwai zabiya. Ko ɗan maƙwabci, ko 'yar ƙanwa, ko almajiri a tsangaya. Kun gan shi da tsakar rana yana tafe ido a runtse, ƙeyarsa ta yi jawur, leɓensa ya tsattsage. Mu masu baƙar fata, Allah ya sa mana sinadarin melanin yana tare mana rana. Shi ba shi da wannan garkuwar. Kullum rana ta fito, sai ta ci fatarsa.

Uwa, ki zaunar da shi yau. Ki shafa saman kunnensa. Ki shafa goshinsa, ƙeyarsa, bayan hannunsa. In kin ji wani ɗan wuri mai kaushi kamar yashi ya manne, ja-ja, yana ɓawo yana zubarwa yana sake yi, kada ki ce ƙyasbi ne. Kada ki ce zai baje. Likitoci na kiransa aktinik keratosis. Bai zama cutar kansa ba tukuna, amma ƙofarta ce. In an ƙyale shi, wani kan rikiɗe ya zama kansar fata, ta ci kunne, ta ci fuska.

Ga albishir: a wannan matakin ana warkar da shi ba tare da tiyata ba! Ɗaya daga cikin hanyoyin ita ce jiyya da haske. Likita zai kankare ɓawon, ya shafa wani magani mai suna ALA, a jira 'yan sa'o'i. Lalatattun ƙwayoyin fatar su suka fi shan maganin, kuma a cikinsu yakan juye ya zama sinadarin da ba ya jure haske. Sai a haska wurin da fitila ta musamman, ja ko shuɗiya, na 'yan mintoci. Lalatattun ƙwayoyin su mutu, lafiyayyar fata ta tsira. Akwai raɗaɗi, ba zan ɓoye muku ba. Wurin zai yi ja, ya yi ɓawo, cikin mako ɗaya ko biyu sabuwar fata ta fito. Kwana biyun farko kuwa, ko ƙofar gida kada ya leƙa da rana. Amurka ta amince da wannan jiyya tun 1999.

Ba kowane asibiti ke da fitilar ba. Kada wannan ya zaunar da ku! Likitan fata na iya daskarar da tabon da ruwan naitirojin, ko ya rubuta man 5-fluorouracil a shafa na 'yan makonni. Ku je asibitin koyarwa na Kano, na Zariya, na Sakkwato, na Maiduguri, ko babban asibitin Yamai. Ku ce likitan fata kuke nema. Kada a kai wa wanzami ya tsaga. Kada a barbaɗa toka. Kada a saurari mai cewa jifa ne.

Sauran aikin namu ne. Baba, sayo masa malafa mai faɗi. Tela, ɗinka masa riga mai dogon hannu. Malam, zaunar da shi a inuwa. Inna, kada ki ɗora wa yarinyar talla daga ƙarfe 10 na safe zuwa 4 na yamma. Mai gona, ba shi aikin sassafe da na la'asar. Alhaji, man kariya daga rana mai lamba 50 ya fi ƙarfin talaka, sayo ka raba, sadaka ce!

Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 13 ga Yuni domin zabaya. Kada mu jira ranar taro. Ku tashi! Ku duba! Ku kai su! Yau ɗin nan, kafin a kira magariba, ku kira yaron nan ku duba kunnensa.