Filin Tarbiyya: Abin Koyi A Rubutun Buroshi Na Sinawa

A wannan wata za mu leƙa ƙasar Sin, inda ake girmama mai kyan rubutu kamar yadda muke girmama alaramman da ya rubuta Alƙur'ani da ka. Tun a shekarar 2009 hukumar UNESCO ta sanya wannan rubutu nasu cikin kayan gadon bil'adama.

Kayan aikin guda huɗu ne: buroshi, tawada, takarda da dutsen niƙa tawada. Buroshin gora ne da aka ɗaura wa gashin akuya ko na zomo, mai tsini a baki. Tawadar kuwa kunkunniya ce da aka kwaɓa da danƙon fatar dabba aka busar kamar sandar sabulu, wato 'yar uwar tamu ce ta gawayi da ƙaro. Kafin marubuci ya fara, sai ya ɗiga ruwa a kan dutsen ya yi ta goga sandar a hankali har ta yi kaurin da yake so. Kafin tawada ta haɗu, shi ma hankalinsa ya kwanta.

To yaya ake gane kyansa alhali ba a jin Sinanci? Ki bi layi da ido daga sama zuwa ƙasa, domin haka suke jera shi, daga dama zuwa hagu. A tsaye ake riƙe buroshin. In an danna sai zanen ya yi kauri, in an ɗaga ya sirance, in an ja da sauri sai fari-fari ya bayyana a cikin baƙin. Takardar tana shan tawada nan take, saboda haka ba a komawa a yi wa zane kwaskwarima. Duk inda hannu ya yi rawa ko ya yi gaggawa, yana nan a fili. Shi ya sa ɗalibi kan daɗe a kan harafi guda mai suna "yong", ma'anarsa dawwama, domin ya ƙunshi zane takwas da ake ɗauka tushen sauran.

A shekarar 353 gwaninsu Wang Xizhi ya rubuta wata takarda mai haruffa 324 a wurin taron abokai, cikin nishaɗi. An ce daga baya ya yi ta ƙoƙarin sake ta, amma bai kai ta farkon ba. Shi kuwa Yan Zhenqing a shekarar 758 ya rubuta makokin ɗan ɗan'uwansa da aka kashe a wata tawaye. Layukan sun karkace, ya soke kalmomi, tawada ta bushe masa bai tsaya ba. Har yau ana ajiye da ita a gidan tarihi na Taipei, kuma mai kallo yana ganin baƙin cikin mutumin a jikin zanen.

Musulmin Sin ma sun ɗauki wannan salo suka ƙawata masallatansu da rubutun Larabci da ake kira Sini. Fitacce a cikinsu shi ne Haji Noor Deen, wanda ya sami shaidar ƙwarewa a rubutun Larabci daga Masar a 1997.

Uwargida, yaushe rabonki da buɗe littafin ɗanki ki dubi rubutunsa? Mu da muke duba littattafan yara a Islamiyya muna ganin yadda gaggawa take cinye ɗigo, ta mayar da "ta" ta koma "nun", ma'ana ta sauya. Yaron da bai iya zama ya kyautata harafi ɗaya ba, da wuya ya natsu a sallah ko hadda.

Ki ware masa minti 15 bayan la'asar. A kashe talabijin, a ajiye waya, shi da kansa zai dama tawadarsa ya gyara allonsa. Ki rubuta masa harafi ɗaya tak ya kwaikwaya sau goma, ki yaba wanda ya fi kyau, kada ki yi masa tsawa. Dattawan Sin kan yi atisaye da ruwa zalla a kan daɓe a wuraren shaƙatawa. Ƙananan yara za su so wannan a tsakar gida, amma ban da ayoyi da sunayen Allah.

Allah Ya shirya mana zuri'a. Sai wata mai zuwa in Allah Ya kai mu. Wassalam.