Ba a fafe gora ranar tafiya: wa ya kamata ya sayi inshorar tafiya?

A duk lokacin da tafiyar Umara ta matso, ko ƴan kasuwa suka fara shirin zuwa sarin kayan salla, magana ɗaya ce ke dawowa a rumfunan kasuwar Madarunfa da tashoshin Maraɗi: wannan takarda ta inshora, wadda mu a nan muka fi sani da asirans, da masu shirya tafiye-tafiye ke ƙara wa mutum a kan kuɗin tikiti, tana da amfani ko kuwa wata hanya ce ta tatsar matafiyi? Wasu na biya ba su san abin da suka saya ba, wasu kuma na ƙi sai wahala ta same su a ƙasar da ba su da kowa. A ganinmu amsar ta dogara ne ga inda mutum ya nufa, domin tafiye-tafiyen mutanenmu iri uku ne, kuma kowace da hukuncinta.

Da farko mu san abin da ake sayarwa. Inshorar tafiya alkawari ne a rubuce: ka ba kamfani kuɗi kaɗan kafin ka tashi, shi kuma ya ɗauki nauyin wasu abubuwa da aka lissafa idan sun same ka cikin kwanakin tafiyar. Manyan cikinsu su ne kuɗin asibiti idan ciwo ya taso ba zato ko aka yi haɗari, da kuɗin maido da majinyaci gida, da kuɗin ɗauko gawa idan ajali ya yi a can. Abin da ba a rubuta ba, kamfani ba zai biya ba, ko da mai sayarwa ya rantse maka da baki.

Tafiya ta farko ita ce wadda muka fi yi, wato a bi ta Ɗan Isa a shiga Jibiya, a wuce Katsina ko Kano, a dawo cikin kwana ɗaya ko biyu. Hajiyar da ke zuwa Kantin Kwari sarin atamfa ba ta da wata babbar buƙata ga inshorar tafiya, tunda idan jiki ya ƙi daɗi gida na kusa. Abin da ya kamata ta duba shi ne motar da za ta shiga: tana da asirans mai rai? Ga masu motoci kuwa akwai katin nan na CEDEAO da ake kira Carte brune, wanda aka ƙirƙiro a Kwatano a 1982. Aikinsa shi ne biyan wanda motarka ta yi wa ɓarna a wata ƙasa. Ba ya gyara maka taka motar, ba ya biyan buhunan da ka ɗauko. Tun da Nijar ta fita daga CEDEAO ranar 29 ga Janairun 2025, wajibi ne direba ya sa kamfaninsa ya rubuta masa ƙasashen da takardarsa ke aiki a cikinsu kafin ya tsallaka.

A kan wannan hanya akwai abubuwa biyu da suka fi cin dukiyarmu, kuma inshorar tafiya ta yau da kullum ba ta taɓa su. Na ɗaya rufe iyaka. Najeriya ta rufe iyakokinta a watan Agustan 2019, ba a buɗe ta Jibiya ba sai Afrilun 2022. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 aka sake rufewa har zuwa Maris na 2024. Masu kayan gwari da suka ruɓe a cikin motoci sun san abin da ya biyo baya. Na biyu ƴan bindiga, waɗanda suka addabi ƙauyukan Gabi da kewayen dajin Baban Rafi shekara da shekaru. Kamfanoni kan cire yaƙi da tarzoma da hukuncin gwamnati daga abin da suke biya, kuɗin fansa kuma ba ya cikin irin wannan takarda. Duk wanda ya ce maka jikka biyar ko goma za ta rufe maka waɗannan, ka ce ya nuna maka layin da aka rubuta haka.

Tafiya ta biyu ita ce ta ƙasa mai tsarki. Tun 2020 Saudiyya ta haɗa inshora a cikin kuɗin bizar Umara ta masu zuwa daga waje, kuma tana ɗaukar nauyin jinyar gaggawa har zuwa riyal 100,000. Ke nan wanda ya bi ta hukumar COHO ko ta kamfanin da ke da izini ya riga ya biya, sai dai da yawa ba su sani ba. Kafin a sayar maka da wata ta biyu, nemi takardar ta farko ka ga abin da ta ƙunsa. Hajjin 2024 ya nuna mana bambancin da ke tsakanin bin ƙa'ida da bin ɓarauniyar hanya: zafi ya haura digiri 51 a Makka, mutum 1,301 suka rasu, kuma ministan lafiya na Saudiyya ya ce kashi 83 cikin ɗari daga cikinsu ba su da izinin aikin Hajji. Wanda ya shiga a ɓoye ba shi da tanti mai sanyi, ba shi da motar jigila, yana kuma tsoron zuwa asibiti kada a kama shi.

Tafiya ta uku ita ce ta nesa, irin ta alhazan Maraɗi da matan da ke sari a Dubai da Guwanzu ta ƙasar Sin da Istambul. A nan ne muke cewa a saya, ba tare da jinkiri ba. A waɗannan birane baƙo shi ke biyan asibiti daga aljihunsa, kuma kwana kaɗan a ɗakin masu ciwo mai tsanani na iya cinye jarin da aka tafi da shi gaba ɗaya. Idan rai ya yi halinsa, sai dangi su shiga karo-karo a kasuwa don a ɗauko gawa ko a binne ta a can. Ƙasashen Turai na yankin Shengen ma ba sa ba da biza sai da inshorar da ta kai Yuro 30,000, wato sama da miliyan 19 da rabi na sefa. Wannan adadi ma'auni ne mai kyau ko da ba Turai za ka ba: takardar da iyakar abin da take biya ya gaza haka nesa, arahar ce da ba ta ado.

Sai maganar haja, inda aka fi samun ruɗani. Inshorar tafiya ta jikin matafiyi ce da ƴan tufafinsa. Dilolin shadda da kwalayen wayoyin da aka saro don sayarwa yawanci ba sa ciki, haka ma tsabar kuɗi da gwal. Idan jaka ta ɓata a jirgin sama, yarjejeniyar Montreal ta 1999 ta ƙayyade abin da kamfanin jirgi zai biya kowane fasinja, wanda bai wuce kusan dalar Amurka 2,000 ba, ko da a cikin jakar akwai kayan miliyan biyar, sai fa idan an bayyana darajarsu tun wajen awo aka biya ƙari. Kwantenar da ke kan teku kuwa tana da tata inshorar daban, ta jigilar kaya. Tun da aka rufe hanyar Gaya a 2023 kaya masu yawa suka koma biyowa ta Lome da Burkina Faso, hanya ta ƙara tsawo da haɗari, don haka a tabbata takardar ta bi kayan har ƙofar sito a Maraɗi, kada ta tsaya a bakin teku.

To yaya za a saya? Nijar na cikin ƙasashe 14 da ke bin dokar inshora ta CIMA, wadda aka sa wa hannu a Yawunde a 1992, kuma wannan doka ta ba mai saye wasu makamai. Tun gyaran 2011, alkawari ba ya fara aiki sai an biya kuɗinsa, don haka "kawo daga baya" ba ta da wuri a nan: biya, ka karɓi resi mai sunan kamfanin da hatiminsa. A sayi ta kamfanin da ma'aikatar kuɗi ta amince da shi, ko ta wakilinsa da aka sani. Dokar ta kuma ce duk sharaɗin da ke hana biya sai an rubuta shi ɓaro-ɓaro kafin ya yi aiki. Sa ɗanka ko ɗiyarka da ta yi lakwal ta karanta maka wannan wuri, sannan ku yi tambayoyi huɗu: nawa ne iyakar kuɗin asibiti? Su ke biyan asibitin kai tsaye ko sai na biya su maido mini? Kwanakin sun kai har ranar dawowata? Me ke faruwa da mai hawan jini ko ciwon sukari? Wannan ta ƙarshe tana da nauyi ga dattawanmu, domin ciwon da aka tafi da shi daga gida galibi ba a biyansa, ɓoye shi kuma na iya rushe alkawarin duka. Idan abu ya faru, a kira lambar gaggawa da ke jikin takardar kafin a kashe ko dala, a adana kowace takardar likita, sata kuma a sanar da ita cikin awa 48. A bar kwafi ɗaya a gida wajen uwargida ko babban ɗa.

Mun san akwai masu ƙin inshora saboda addini, kuma damuwarsu tana da tushe. Majalisar malaman fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1985, ta haramta inshorar kasuwanci saboda rashin tabbas da ke cikinta, ta halatta ta taimakekeniya, wato takaful, inda jama'a ke zuba kuɗi a asusu ɗaya don agaza wa wanda masifa ta samu. Matan kasuwa da suka saba da asusun biki da na rasuwa ba za su ga baƙon abu a nan ba. CIMA ta fitar da ƙa'idojin takaful a 2019, saboda haka mai saye na da damar tambayar kamfani ko yana da ita, ya kuma tuntuɓi malaminsa a kan wadda hukuma ta tilasta kafin ba da biza.

Saura kira ga ƙungiyoyin ƴan kasuwa na Maraɗi da Madarunfa. Tun watan Maris na 2025 dokar ƙasa ta ɗaga Hausa zuwa harshen ƙasa, amma har yanzu mace na dangwala yatsa a kan shafuka na Faransanci da ba ta san abin da ke ciki ba. Ya kamata shugabannin kasuwa su zauna da kamfanoni su nemi taƙaitaccen bayani da Hausa a shafi ɗaya, su kuma nemi farashin taro ga masu tafiya rukuni-rukuni, tunda mai sayen buhu ba ya biyan kuɗin mai sayen tiya. Kafin a kai can, mai zuwa Kano ya duba takardun motar da zai shiga, mai zuwa Makka ya nemi wadda ya riga ya biya, mai zuwa Dubai ko Sin kuma ya ware kuɗin inshora tun ranar da ya ware na tikiti. Allah ya kai kowa lafiya, ya dawo da shi lafiya.